Sawun Kira: Rubutun da Na'ura Ke Bari Idan Ta Faɗi, da Rabon Masana Harshe a Cikinsa

A kwarin Tarka na gundumar Madawa, da kwarin Majiya na ƙasar Buza, da fadamun Keita, noman rani yana rataye ne a kan abu guda, wato ruwa ya isa gindin shuka a kan kari. Albasar da ta kai sunan wannan yanki har kasuwannin Akara da Abijan saiwarta gajera ce, ba ta iya bin laima can ƙasa kamar yadda gawo ko dogon-yaro ke yi. Idan ta yi ƴan kwanaki babu ban-ruwa a lokacin da take yin kai, manomi zai ga sakamakon a bakin buhu. A da guga da ƙwarya ne, daga baya injin fetur ya shigo, yanzu kuma famfo mai aiki da hasken rana yana ƙara samun gindin zama a garake. Shi kuwa wannan famfo ba shi kaɗai yake tafiya ba. Tsakanin allon rana da rijiya akwai wani akwati, a cikin akwatin kuma akwai wata ƴar ƙwaƙwalwa da ba ta fi ƙumbar babban yatsa ba, ita ke yanke lokacin tashi da lokacin tsayawa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasa, ya ƙirƙiro dabarar da manomi zai kunna ban-ruwan garkarsa daga nesa ta hanyar wayar salula, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta ruwa mai ɗauke da sunan Sarki Hassan na Biyu, a taron duniya kan ruwa da aka yi a Daegu ta Koriya ta Kudu. Ɗaliban fasaha kuma suna koyon irin wannan aiki da ƙananan alluna masu araha, kamar Arduino da aka fara ƙerawa a Italiya a 2005, da ESP32 wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016. Ana iya tsammanin irin waɗannan akwatuna za su yi ta yawaita a ƙasar Adar. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ranar da ɗaya daga cikinsu ya tsaya cik da tsakar rana a watan Maris, wa zai fahimci abin da ya faɗa kafin ya tsaya?

Domin kuwa yakan faɗa. Ƴar ƙwaƙwalwa irin ta ESP32 ba ta faɗuwa shiru, tana barin ƴan layuka na rubutu da ke bayyana inda ta yi tuntuɓe. Wannan rubutu matani ne, mai ƙa'idar karatu da kalmomin fannu da salon magana, kuma karanta shi, da fassara shi, da sanin abin da bai kamata a fassara ba a cikinsa, aiki ne da ya shafi sashen nazarin harshe kai tsaye. Barin sa ga injiniyoyi su kaɗai kuskure ne da manomi zai biya kuɗinsa, Hausa ma ta biya nata.

Yana da kyau a tuna da abin da yankin ya saba da shi. Bishiyoyin kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da jerin duwatsu da madatsun ruwa na aikin raya karkarar Keita da aka soma a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, duk fasaha ce da ido ke karantawa. Idan ambaliya ta fasa jerin dutse, matan da suka ɗauko duwatsun a ka suna ganin wurin da ya ɓalle, su san dalili, su kuma san gyara. Akwatin famfo bai da wannan hali. Ɓarakarsa a ɓoye take, shaidarta kaɗai rubutu ne, rubutun kuma cikin wani irin Ingilishi da ko ɗan Ingila sai an koya masa.

Yadda sawun yake

Manhajar da ke cikin ƴar ƙwaƙwalwa ba dogon umarni ɗaya ba ce. An kasa ta ƙananan ayyuka, kowane da sunansa, kuma wani aiki yana kiran wani. Abin ya yi kama da aike a cikin gida: uba ya aiki babban ɗa, babban ɗa ya tura ƙanensa, ƙanen ya tura autansu. Kowanne yana jiran wanda ya tura ya dawo kafin ya koma ga wanda ya aike shi. Don kada a manta da wa ke jiran wa, na'ura tana ajiye bayanin kowane kira a wani sashe na ma'adanarta, ɗaya a kan ɗaya, kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Wannan shi ne tarin kira. Idan auta ya faɗa rami, sai na'ura ta bi tarin daga sama zuwa ƙasa ta zayyana: a nan aka faɗi, wane ne ya aiko shi, shi kuma wane ya aiko shi.

Sai dai ba da sunaye take zayyanawa ba. Abin da mai gyara zai gani idan ya haɗa akwatin da kwamfuta layi ne kamar wannan misali:

0x400d1a2c:0x3ffb1f60 0x400d1b05:0x3ffb1f80 0x400d2f11:0x3ffb1fb0

Lambobin an rubuta su ne da ƙidaya mai tushe 16, inda haruffan a zuwa f ke tsayawa a madadin 10 zuwa 15. Kowane tagwaye mataki ɗaya ne na aiken. Ta hagu adireshin umarnin da ake kai ne, ta dama kuma matsayin tarin a wannan lokaci. Tagwayen farko su ne wurin faɗuwa, na bayansu kuma masu aike, har zuwa uban gida. Don mayar da adireshin zuwa magana, ana buƙatar wani fayil da ake kira ELF, wanda manhajar tafinta ke samarwa a lokacin da take juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen na'ura. A cikinsa ne aka ajiye wane adireshi ya dace da wane aiki, a wane shafi, a layi na nawa. Wata ƴar manhaja mai suna addr2line ita ke buɗe wannan fayil ta fito da amsa. Ga ɗalibin harshe, wannan ba wani baƙon abu ba ne: ga matani a rufe, ga ƙamus, ga ƙa'idar dubawa.

Wace kalma ta dace da wannan zayyana? Akwai mai cewa a kira ta salsalar kira, domin ta yi kama da yadda malaman hadisi ke jero masu ruwaya, wane daga wane daga wane. Kwatancin yana da kyau, har ma ya dace da alkiblar karatun, daga na kusa zuwa na nesa. Amma salsala tana ɗauke da ma'anar asali da daraja, ba ta nuna cewa wani abu ya ɓaci. Sawu ya fi kusa. Wanda aka sace wa akuya a Adar ya san bin sawu, ya san ana farawa ne daga inda abin ya ɓace a koma baya, ya kuma san iska tana iya share sawu, ko wani ya taka a kansa. Duk waɗannan suna faruwa da na'ura, har takan rubuta da kanta a ƙarshen layin cewa sawun ya lalace. Don haka sawun kira ya fi cancanta.

Tarkon fassarar kalma da kalma

A saman lambobin akwai kanun magana, kuma a nan ne mai fassara ke iya jin kunya. ESP32 tana buɗe bayanin faɗuwarta da kalmomin “Guru Meditation Error”. Wanda ya ɗauki ƙamus zai fito da wani abu kamar kuskuren zuzzurfan tunanin shehi, mai karatu kuma ya yi ta neman shehin. Babu shehi. Raha ce ta ma'aikatan kamfanin da ya ƙera kwamfutar Amiga, wadda ta fito a 1985. Suna da wani faifan wasa da ake hawa, idan aiki ya cushe musu sai su zauna a kansa su tanƙwashe ƙafa su yi tsit kamar masu halwa. Rahar ta bi zamani ta shige cikin wata na'ura da ke ba albasa ruwa. Ba ta ɗauke da wani bayani, alama ce kawai cewa an faɗi.

Bayanta sai “Core 1 panic'ed”. Kalmar da ke nufin firgita a nan ba firgita take nufi ba. Tsayawa ce ta ganganci, na'ura ta ga ci gaba zai fi ɓarna, ta ajiye aiki ta rubuta rahoto. Lamba 1 kuma ba ta farko ba ce, domin cibiyoyin aikin guda biyu ne kuma daga sifiri ake ƙirga su, wato ta biyu ke nan. Haka kalmar da injiniyoyi ke kiran aibin manhaja da ita, wadda ma'anarta ta zahiri ƙwaro ce. A garka, inda tururuwa da gara ke shiga akwati da gaske, cewa akwai ƙwaro a ciki zai sa mai gyara ya ɗauko tsintsiya.

Kalmar da ta fi muhimmanci ita ce sunan laifin, misali “LoadProhibited”. Fassarar gaggawa za ta ce an hana lodi, sai tunani ya tafi tashar mota da buhunan albasa da jami'in da ya hana. Abin da ya faru shi ne manhaja ta miƙa hannu ta ɗauko bayani daga adireshin da ba na ɗauka ba ne, galibi adireshin sifiri, saboda an ba ta takardar aike ba a rubuta gidan da za ta je ba. A nan Hausa tana da abin da ya fi na Ingilishi dacewa. Aikatau ɗan aji bakwai, a rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, yana bayyana yiwuwar aiki ko rashin yiwuwarsa ba tare da an ambaci mai yi ko mai hanawa ba: ya gyaru, ba ya kunnuwa, bai ɗauku ba. Saboda haka “adireshin bai karantu ba” ya isar da ma'anar cif, takwaransa na ajiya kuma “bayanin bai ajiyu ba”. Kalmomi uku ko huɗu, babu hukuma, babu haramci, kuma duk mai jin Hausa ya gane cewa an gwada abu ya ƙi. Wanda bai san tsarin aikatau ba da wuya ya kai ga wannan, zai tsaya ne a kan “an hana”.

Akwai wasu saƙonni biyu da bambance su ke iya ceton mai garka daga asarar kuɗin mota. Na farko shi ne na agogon gadi, wani ma'auni da manhaja ke taɓawa lokaci-lokaci don nuna tana raye. Idan ta shagala a wani aiki ta daina taɓawa, sai agogon ya tayar da na'urar daga farko. Wannan laifin rubutun manhaja ne. Na biyu shi ne na raunin wuta. Ƙaramin sashen salula irin SIM800 yana iya fizgar wuta har amfiya 2 a ɗan ƙiftawar da yake aika saƙo, idan kuwa batir ya tsufa, ko waya ta yi siriri, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe allon rana, sai ƙarfin wutar ya faɗi, ƴar ƙwaƙwalwa ta mutu ta tashi. Wannan ba ya buƙatar injiniya daga Yamai, mai nisan kusan kilomita 500 daga Madawa. Mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya, in dai saƙon ya gaya masa da harshen da yake ji cewa wuta ce ta yi rauni.

Masu adawa da fassara suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Injiniya yana kwafe saƙon kamar yadda yake ya nema a intanet, ya tarar da dubban mutanen da suka taɓa faɗawa ramin, daga Sin har Brazil. Ranar da aka mayar masa da saƙon Hausa zalla, an yanke shi daga wannan taro. Gaskiya ne. Lambobi da sunayen laifi na asali a bar su yadda suke, kamar yadda mai tahƙiƙin tsohon rubutu ba ya goge matani ya sa fassararsa a gurbinsa. Abin da ake nema sharhi ne a gefen matani. Kuma masu karatun ba ɗaya ba ne. Injiniya yana buƙatar sawun gaba ɗaya. Mai gyara yana buƙatar jimla guda da za ta ce masa wuta ce, ko ma'aunin rijiya ne, ko kuwa manhaja ce kada ya taɓa. Mai garka kuma, wanda mai yiwuwa ajami ya iya ko bai yi karatun boko ba, ya fi buƙatar murya a waya da za ta ce masa famfo ya tsaya, ya nemi guga ko ya ari injin maƙwabci kafin la'asar. Muryar nan kuma da wace Hausa? Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991, ya bambanta da daidaitacciyar Hausa a furuci da wakilan suna da ƙirar wasu kalmomi. Zaɓi tsakanin “yana” da “shina” a saƙon gaggawa tambaya ce ta ilimin walwalar harshe, ba a warware ta da kwamfuta.

Lanƙwasa a matsayin abin zargi

Akwai wani wuri da Hausa kanta ke shiga cikin sawun kira a matsayin wadda ake tuhuma, kuma wannan ne ya fi cancantar ɗaliban harshe su tsaya a kansa.

A tsarin UTF-8, wanda kusan duk rubutun kwamfuta ke bi a yau, kowane harafin boko na Ingilishi yana cin bayit ɗaya na ma'adana. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da manyansu, kowanne bayit biyu yake ci. A babbar kwamfuta wannan ba komai ba ne. A ƴar ƙwaƙwalwa kuwa wuri ƙididdigagge ne, ta cikin Arduino Uno gaba ɗaya ma'adanar aikinta kilobayit 2 ce, kuma mai rubuta manhaja shi ke yanka wa kowane saƙo filinsa da hannu. A ɗauka ɗan allon da ke jikin akwatin yana nuna haruffa 16 a layi, kamar yadda mafi yawansu suke. Mai rubutu ya ware bayit 17, wato 16 na haruffa da ɗaya na alamar ƙarshe. Sai aka ba shi jimlar “Ruwa ya ɗan ƙaru”. Ya ƙirga da ido, haruffa da tazara 16 cif. Amma ɗ da ƙ sun ci bibbiyu, jimlar ta zama bayit 18, da alamar ƙarshe 19. Idan ya kwafe ta ba tare da awo ba, bayit biyu sun tsallaka iyaka sun faɗa gonar maƙwabci.

Abin da ya sa wannan laifi ke da wuyar kamu shi ne ba a nan take yake nunawa ba. Bayit biyun nan sun taka wani bayani da ke zaune kusa, wataƙila adireshin da wani aiki zai nema can gaba. Na'ura ta ci gaba da tafiya, sai bayan ɗan lokaci wani aiki da bai san hawa ba bai san sauka ba ya ɗauki gurɓataccen adireshi ya faɗi. Sawun kira zai nuna wanda ya faɗi, ba zai nuna wanda ya haƙa ramin ba. Injiniya ya kwana biyu yana bincike, daga ƙarshe ya lura cewa da ya cire lanƙwasa sai komai ya lafa. Hukuncin da zai yanke a bayyane yake: haruffan Hausa suna kashe na'ura. Daga ranar ya daina sa su, ya kuma gaya wa abokansa.

Hukuncin zalunci ne. Harafin é na Faransanci shi ma bayit biyu yake ci a wannan tsari, kuma ba wanda ya ce a kore shi daga Faransanci. Laifin na wanda ya ƙirga haruffa ne a inda ya kamata ya ƙirga bayit. Gyaransa layi ɗaya ne. Amma sai an sami wanda ya san cewa lanƙwasar ba ado ba ce, wanda zai tsaya ya ce a gyara awon a bar harafin.

A saƙon salula kuwa bambancin ya fi fitowa fili. Jerin haruffan da aka tsara wa gajeren saƙo na GSM yana ɗauke da é da è da à, amma babu ko ɗaya daga cikin masu lanƙwasa. Saƙon da ya tsaya cikin wancan jeri yana ɗaukar haruffa 160. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, sai dukan saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, abin da ya wuce haka a raba shi, kuɗi ya ƙaru. An yi wa Turkanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da harsunan Indiya da dama jeri na musamman don kauce wa wannan matsala. Hausa ba ta samu ba. Ko mai bin ƙa'idar Nijeriya, wanda ke rubuta 'y a maimakon ƴ, bai tsira ba, domin wayoyi da kwamfutoci da yawa suna mayar da miƙaƙƙiyar alamar ɗauri zuwa lanƙwasasshiya da kansu, ita kuwa bayit uku take ci, kuma ba ta cikin jerin GSM. Ke nan kalmomi irin su sa'a da na'ura da ma'auni suna iya jawo abin da ƙ ke jawowa, ba tare da marubucin ya ga wani bambanci da idonsa ba.

Za a ce ai Hausawa sun daɗe suna aika saƙo babu lanƙwasa kuma suna fahimtar juna, rubutun boko ma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, duniya ba ta tashi ba. Haka ne, wanda ya ga “ruwa ya kare” a wayarsa ba zai zaci ruwan ya yi garkuwa ba. Amma saƙon na'ura gajere ne, ba shi da mahallin da hira ke da shi, kuma kasa da ƙasa, ko kara da ƙara, ko bata da ɓata, ba su da nisa da juna a maganar famfo da rijiya. Idan kuma manhaja ce za ta karanta saƙon da murya, ita ba ta da hankalin cike gurbi, abin da aka rubuta shi za ta furta. Sannan akwai abin da ya wuce fahimta. Haruffan nan sun zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930, an tabbatar da su a taron daidaita ƙa'idar rubutu na Yamai a 1980, Nijar kuma ta sake ƙarfafa su a ƙa'idarta ta 1999. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ke koyon ɗ a aji, ya fito ya ga allon famfon garinsu da saƙon wayar mahaifinsa duk sun yar da ita, zai yanke wa kansa hukuncin wanne ne rubutun gaske.

Ƙamus da ya tafi da mai shi

Sawun kira ba ya karantuwa sai da fayil ɗin ELF na ainihin manhajar da ke cikin akwatin. Na wata fitowa daban, ko da layi ɗaya aka sauya, yana iya ba da amsa, amma amsar ƙarya, ya nuna aikin da ba shi da laifi. Shi ya sa ESP32 ke buga wani ɗan hatimi na lambobi tare da rahotonta, wanda ke tabbatar da wane fayil ne nata, kamar yadda magwafin littafi ke rufe aikinsa da sunansa da ranar gamawa. Idan wanda ya kafa akwatin ya gama kwangila ya tafi da fayil ɗin a kwamfutarsa, abin da ya bari a garka matani ne da ƙamusunsa ya ɓace. Ya kamata duk wata yarjejeniyar kafa irin waɗannan na'urori a Madawa ko Buza ko Keita ta wajabta ajiye rubutun manhajar da fayil ɗinta a wurin da za a same su, a ofishin magajin gari ko a jami'ar Tawa, tare da takardar bayani da Hausa. Adana matani da kundinsa sana'ar masu nazarin harshe da adabi ce tun fil azal.

Kayan aikin ma akwai su. Malaman da suka samar wa Hausa kalmomin tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla, har aka tattara su a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, sun nuna cewa fanni mai wuya yana zaunuwa cikin harshen. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin makamashin hasken rana ne, kuma shi ne ya rubuta littafi a 1964 yana kare koyarwa da harsunan Afirka. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Abin da bai kamata ba shi ne a zauna a ofis a ƙirƙiro kalmomi a aika wa masu gyara. Masu gyaran waya da rediyo da injin ban-ruwa suna da nasu kalmomin, wasu na Hausa, wasu ararru daga Faransanci irin su kuran, wasu daga Ingilishin da ya tsallako ta Ƙwanni. Hausa ta riga ta bambance ya ɗauke da ya sandare da ya ƙone da ya mutu. Aikin ɗalibi shi ne ya je rumfunansu da na'urar ɗaukar magana, ya gano wace kalma suke ba wace alama, sannan a zauna da ɗaliban fasaha a ga wacce ta dace da raunin wuta, wacce da agogon gadi, wacce da adireshin da bai karantu ba. Kundin neman digiri ne cikakke, mai bayanai daga bakin masu harshe.

Akwai ma ƙaramin aiki da za a iya farawa da shi a zangon karatu guda. Ɗan allon nan mai haruffa 16 bai san haruffa masu lanƙwasa ba, amma masu ƙera shi sun bar gurabe takwas da mutum zai zana nasa haruffan, kowanne da ɗigo biyar a kwance, takwas a tsaye. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ƙanana da manya, takwas ne daidai. Zana ɗ da za ta bambanta da d, da ƙ da ba za a ɗauke ta k ba, a cikin ɗigo arba'in, a allon da rana ke duka, yana buƙatar gwaji da idon masu karatu na gaske. Idan kuma injiniya ya ce yana son gurbi ɗaya ko biyu don alamar batir da ta ɗigon ruwa, sai a ƙirga a cikin tarin saƙonnin a ga wanne ne cikin Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ ya fi ƙarancin zuwa a farkon jimla, shi za a fara ɗagawa.